Yadda Ake Shirya Walimar Ƙarshen Shekarar Karatu a Gida

A garinmu, wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, ranar da ake ba da dogon hutu ba ta da bambanci da sauran ranaku a gidaje da yawa. Yaro zai shigo da hantsi, katin sakamakonsa a ninke cikin aljihu. Maigida yana gona, uwa tana surfe. Sai ya cusa katin ƙarƙashin katifa, ya saɓi fartanya ya bi sahun manya. Wata goma yana sammako, wata rana da koko a cikinsa, wata rana haka nan, amma babu wanda ya ce masa sannu. Ni malamin firamare ne kuma uba, na daɗe ina ganin yadda wannan shirun yake kashe wa yara gwiwa, har wasu in Satumba ta zo sai ka nemi kujerarsu ka tarar babu kowa.

Shi ya sa a gidanmu muke yin 'yar walima duk ƙarshen shekarar karatu. Ba baƙon abu muka ɗauko ba. Iyayenmu suna toya wainar sadaka idan yaro ya kai izu a makarantar allo, ranar sauka kuma a fito da allon zayyana gari ya taru. Abin da muka yi kawai shi ne muka ba karatun boko nasa kason. Ga yadda muke yi, daga farko har ƙarshe.

Sa rana tun da saura mako biyu

Shekarar karatu zango uku ce, ana farawa a Satumba, zango na uku ya ƙare cikin Yuli. Ka tambayi hedimasta ainihin ranar rabon sakamako, kada ka dogara da "an ce" na yara. Sannan ka lissafa duk 'yan makarantar da ke gidan: na firamare, na ƙaramar sakandare, da na makarantar kwana waɗanda sai sun yi tafiya kafin su iso. In akwai ɗan aji uku na babbar sakandare mai rubuta NECO, wadda takan kai ƙarshen Yuli, a jira shi. Walimar da aka yi babu mutum ɗaya, wannan ɗayan ba zai manta ba.

Mu Juma'a muke zaɓa, bayan La'asar. Lokacin maimai ne da huɗa, babu magidancin da zai bar gona da safe ya zo zaman tabarma, amma ranar Juma'a ana tashi da wuri saboda masallaci. Hadarin damina kuma da yamma ya fi tasowa, don haka a share zaure ko soro a ajiye, ko da a tsakar gida aka yi niyyar zama.

Kafin a sanar da yara, maigida ya tara matan gidan gaba ɗaya. In gida mai ɗakuna biyu ne ko uku, wannan zaman shi ne ginshiƙin komai. A raba aiki a fili: wannan ɗaki waina, wancan dambu, matar ƙani zoɓo. Kada walimar ta zama ta ɗakin da ɗansu ya zo na ɗaya. In ta zama haka, kishi aka dafa ba abinci ba, kuma 'yan uba ne za su kwasa.

Cefane kuma a dubi ranar kasuwa. Mu Gujungu muke ci ranar Lahadi, sai a sayo duk abin da ba ya lalacewa tun kwana biyar kafin ranar. Na wajen Dutse suna da Shuwarin ranar Litinin, na Gumel ga Maigatari ranar Alhamis. Wanda Wudil ce kasuwarsa, tunda Juma'a take ci, sai ya yi sayayya mako guda kafin nan.

Je ka karɓi sakamakon da ƙafarka

Wannan matakin ba ya cin ko sisi, amma ya fi waina daraja a wurin yaro. Ranar rabon sakamako, uba ko baffa ko yaya ya ɗauki awa ɗaya ya je makarantar. Na sha ganin fuskar yaro ta canza don kawai ya hango keken babansa a jingine gindin darbejiyar makaranta.

Da ka karɓi katin, kada idonka ya tsaya a kan "ya zo na nawa". Akwai wurare huɗu da suka fi wannan faɗin gaskiya. Na farko, kwanakin zuwa: ana rubuta sau nawa makaranta ta buɗe da sau nawa yaro ya halarta. In ka ga giɓi mai yawa, ka tambayi kanka tukuna, ranar kasuwa da ranar shuka wa ya hana shi zuwa? Na biyu, makin gwaji da na jarrabawa. A yawancin makarantu gwajin cikin zango yana ɗaukar maki 30 ko 40, jarrabawa ta ɗauki sauran cikin 100. Yaron da gwajinsa ya yi kyau jarrabawa ta faɗi, sau da yawa tsoro ne ko rashin bita. Wanda duka biyun suka yi ƙasa, wataƙila karatun ne bai zauna ba. Na uku, kwatanta zango na ɗaya da na uku: wanda ya tashi daga 35 zuwa 50 a lissafi ya yi aikin da ya cancanci yabo ko da yana can ƙasan aji. Na huɗu, can ƙasan katin, an rubuta ko an ciyar da shi gaba ko zai maimaita, da ranar komawa. Ka riƙe wannan ranar, za mu dawo kanta.

Wanda bai iya karatun boko ba kada ya ji nauyi. Ya ce, "Malam, a taimaka a karanta mini, a faɗa mini gaskiya, ina ne yaron nan yake da rauni?" Babu malamin kirki da zai ƙi. A nan ne kuma za ka gayyace shi walimar. Ka gayyato malamin allo ko na Islamiyya shi ma, don yara su ga malaman biyu a tabarma ɗaya.

Abinci: abin da damina ta kawo

A tuna wane lokaci ake ciki. Ƙarshen Yuli rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, kuɗin hannu ya tafi taki. Wanda ya ci bashi don walimar yara ya ɓata ta tun kafin a fara, domin badi ba zai so a sake ba. Damina kuwa ba ta barin mutum haka nan: ga zogale ya yi lif a bayan ɗaki, ga rama, ga zabi suna ta ƙwai.

Ga abin da yake isar gidanmu, mutum talatin da 'yan kai har da maƙwabta.

Waina ita ce uwar taro. Shinkafar tuwo kwano biyu. Daren Alhamis a ɗebi kamar kashi ɗaya cikin biyar a ajiye, a wanke sauran a jiƙa. Da asuba a dafa wadda aka ajiye ta yi laushi, a bar ta ta huce, a haɗa da jiƙaƙƙiyar da albasa a kai inji. A ja kunnen ɗan aike kada mai inji ya cika ruwa, ƙullu mai kauri ake so. A zuba yis, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi. Da damina garin da sanyi-sanyi, ƙullu yakan yi nawar tashi, don haka a ba shi awa huɗu zuwa biyar. In ya tashi a sa gishiri, sukari kaɗan, da ɗan ruwan kanwa don ya kashe tsami. A fara suya da an sauko daga masallaci, tanda biyu in akwai. Miyar taushe ce abokiyar tafiyarta. In babu nama, ƙuli-ƙulin da aka daka da yaji da ɗan mai ya wadatar, yara ma sun fi rububinsa.

Dambu kuma tsakin masara kwano ɗaya. A wanke a tsane, a turara a madambaci har ya fara laushi, a juye a kwarya, a zuba zogale mai yawa, albasa, attaruhu, dakakkiyar gyaɗa da gishiri, a yayyafa ruwa, a mayar a sake turarawa. Mai sai an sauke ake zubawa.

Ƙwan zabi a dafa, kowane ɗan makaranta ɗaya, a hannunsa. Kada a yanka a raba. Ƙwai guda cur da aka ce "naka ne" yana da wani matsayi a zuciyar yaron ƙauye wanda sai wanda ya taso a nan ya san shi.

Abin sha zoɓo da citta da kanumfari, a dafa da safe, a tace, a zuba a jarka mai tsabta a jingina ta da randa. Ruwan da za a ƙara a tabbata na burtsatse ne ko dafaffe, domin damina lokacin amai da gudawa ce. A ajiye buta da sabulu a bakin tabarma.

In hali ya yi a yanka zakara ɗaya. In bai yi ba, babu wanda zai tambaya.

Kyauta

Ƙa'idarmu ɗaya ce: kowa yana da kaso, kuma kason farko iri ɗaya ne. Littafin rubutu biyu da biro, 'yan aji ɗaya zuwa uku kuma fensir. Ɗan maigida da ɗan riƙo da marayan da ke gidan duk daidai. Almajirin da yake yi wa gidan ɗiban ruwa shi ma a kira shi da sunansa, a ba shi sabulu ko silifa, a tambaye shi inda allonsa ya kai. Shi ma shekara ya yi yana karatu.

Bayan wannan sai kyauta ta musamman, kuma mu ba ta na ɗaya kaɗai ba ce. Muna ba wanda bai yi fashi ba, da wanda ya fi ƙara maki tsakanin zangon farko da na ƙarshe, da wanda ya gama wani mataki: aji shida, ko aji uku na ƙaramar sakandare, ko na babba.

Kyautar da na fi yarda da ita budurwar kaza ce. Biskit a ranar zai ƙare, kaza kuwa aiki ce da dukiya. Kaza tana kwanci kwana 21, in ƙwan zabi aka sa mata kuma kamar kwana 28. Dogon hutu yakan kai mako shida, ka ga in an dace da wadda ta kusa fara ƙwai, ba za a daɗe da komawa ba yaro zai ga 'yan tsakinsa. A yi masa sharaɗi a gaban kowa: abin da ta haifa na makaranta ne, littafi, sandal, kuɗin jarrabawa. Manya kuma su riƙe amana, kada baƙo ya zo a kama kazar yaro a yanka ba da saninsa ba. In sanyi ya gabato a nemi allurar rigakafin kaji, don a lokacin ne annoba take share akurki. Wata 'yar ƙanena daga kaza ɗaya ta kai ga tunkiya cikin shekara uku, kuma da ita aka saya mata katifa da akwati ranar da za ta tafi makarantar kwana.

Zaman kansa

A shimfiɗa tabarmi, maza gefe, mata gefe, yara a tsakiya. Su sa yunifom ɗinsu wankakke. Wasu suna ganin kayan Sallah ya fi, ni kuwa ina ganin yunifom ɗin shi ya sha rana da ƙura tare da su, shi ya kamata a gani.

Malamin allo ya buɗe da addu'a. Daga nan sai a zo wurin da ya fi wuya a gidan Bahaushe, wato yabo. Mu mutane ne masu kunya. Uba ba ya yabon ɗansa a bainar jama'a, ɗan fari ma ko sunansa uwa ba ta kamawa. Ban ce a yar da wannan ba, tarbiyyarmu ce. Amma al'adar da ta ɗaure bakin uba ita ce ta kwance na kaka da goggo da kawu. To a ba su aikin. A gidanmu wani baffa ne yake riƙe katunan, yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya daga ƙarami zuwa babba, kaka kuma tana miƙa kyauta.

Baffa ba ya karanta matsayi. Abu ɗaya mai kyau yake faɗa game da kowane yaro, wanda aka riga aka tsamo daga katin ko daga bakin malami: "Wannan bana sau biyu kawai ya yi fashi." "Wannan da ba ta iya haɗa baƙi ba, yanzu tana karanta shafi guda." Sai yaron ya matso ya durƙusa gaban kaka. Ita kuma ta san aikinta. In namiji ne ta ce, "Maigidana, ashe kana da kai haka? To na fasa yajin, zo ka karɓa." In mace ce, "Kishiya, kin ƙwace mini miji, yanzu kuma za ki fi ni ilimi?" Gida ya ɗauki dariya da guɗa, yaron yana sunkuyar da kai yana murmushi. Uba yana gefe bai ce uffan ba, amma ɗan ya ga yana wurin, ya kuma ga bai tashi ba har aka gama.

Sannan kowane yaro ya nuna abu ɗaya da ya koya. Minti biyu ya isa. Ɗan aji ɗaya ya ƙirga zuwa hamsin. Wata ta karanta sakin layi a littafin Hausa. Wani ya kawo jadawalin bakwai. Babba a ba shi lissafin gida na gaske: buhun taki kaza, an raba wa gona uku, nawa kowace za ta samu? Ranar da wani ɗan yayana ya karanta rubutun jikin kwalbar maganin feshi, ya faɗa wa kakansa murfi nawa ake zubawa a tanki, tsohon ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe abin yana da rana." Tun daga ranar bai sake cewa a bar yara su tafi gona ranar makaranta ba.

Kada a tilasta wa mai jin kunya. In ya ƙi, a bar shi, daga baya ya karanta wa goggonsa a ɗaki.

A ba malamin boko dama ya yi magana kaɗan, a yi masa godiya a gaban ɗalibansa. Daga nan a kawo abinci, 'yan makaranta a fara zuba musu kafin manya, yau ɗaya dai. A aika wa maƙwabta, a zuba wa malamai a kwanon da za su tafi da shi gida. A gama kafin kiran Magariba.

Yaron da sakamakonsa bai yi kyau ba

Shekarar farko mun yi kuskure. Mun karanta matsayi a fili: wannan na 2, wannan na 5, har aka zo kan wani yaro aka ce na 41. Yara suka kwashe da dariya. Ya tashi ya fita, ba a gan shi ba sai bayan Isha'i, a bakin kududdufi, cikin duhu da damina. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Daga baya muka gano daga bayan aji ba ya ganin allo sosai, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da aka mayar da shi layin gaba aka kai shi asibiti aka duba idon, karatunsa ya canza.

Don haka ranar walima babu faɗa, babu gori, babu "dubi ƙaninka". Maganar gyara sai bayan kwana biyu, uba da ɗa su kaɗai, a hanyar gona in ya yiwu, domin yaro ya fi sakin baki in ana tafiya ba a kallon idonsa. A tambaye shi: yana gani, yana ji? Yana karyawa kafin ya fita? Wani yana dukansa a hanya? Ya iya karanta Hausa ma tukuna? In an ce ya maimaita aji, a faɗa masa a natse, kuma a tsaya masa kada 'yan gida su mai da shi abin tsokana.

Maganar komawa, a gaban kowa

Kafin a tashi, maigida ya faɗi ranar komawa da babbar murya, ya kuma faɗi ajin da kowane yaro zai shiga. Wannan shi ne dalilin taron gaba ɗaya. Abin da magidanci ya furta gaban malamai da mahaifiyarsa da ƙannensa, da wuya ya janye shi in Satumba ta zo, gero ya nuna, ana neman hannu a gona.

An fi asarar yara a wuri biyu: bayan aji shida, da bayan aji uku na ƙaramar sakandare, kuma mata abin ya fi shafa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma wajibi ne. Amma doka ba ta san cewa sakandaren tana garin gaba ba, kuma da damina sai an ratsa fadama. Gida ne zai warware wannan, kuma a wannan zaman ya kamata a warware: wa zai riƙa raka yarinya, da 'yan wane gida za su riƙa tafiya, keken wa za a gyara, ko kuwa za ta zauna wurin goggonta a cikin gari? In talla take yi wa uwarta da safe, a yi maganar yadda za a mayar da shi yamma, ko wa zai cike wa uwar giɓin, domin ita ma ba don son ranta take ɗora mata ba. Mai kaifin kai a aji uku na ƙaramar sakandare kuma a tambayi malaminsa yadda ake neman makarantun kimiyya, irin ta 'yan mata da ke Taura, ko a Kano irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe tun 1977, don kada lokacin jarrabawar shiga ya wuce ba a sani ba.

A kawo asusu sabo na ƙasa, a rubuta "makaranta" a jikinsa. Duk babban da ya ci waina ya jefa abin da ya sawwaƙa. A damƙa wa kaka, ba a fasawa sai saura mako guda a koma.

Washegari

Da safe kafin a tafi gona, a tattara littattafan bara. Waɗanda suka yage a ɗinke su da zare da allura, a yi musu bango da takardar buhun siminti, na yaya ya koma hannun ƙani. Littafin rubutun da bai cika ba a yanke sauran shafukan a haɗa, su ne na bitar hutu: rabin awa bayan Azahar, babba ya zauna da ƙanana, kwana huɗu a mako ya isa. A ja musu kunne kan wanka a kududdufi da rafi in marka ta kankama, kuma kowa ya kwana cikin gidan sauro.

Cikin makon a shirya su su kai katunansu gidan kakannin wajen uwa, da ɗan ƙunshin waina ko ƙwai. Can ma akwai tukwici da addu'a suna jiransu, kuma dangin uwa sun ji da kunnensu cewa yarinyar za ta shiga aji na gaba.

Da sun dawo a karɓi katunan, a sa a leda, a haɗa da takardun haihuwa a ƙasan adaka inda gara da yoyo ba za su kai ba, don za a neme su ranar shiga sakandare. Yunifom a wanke, a duba wanda ya ɗage a sake masa kalmasa, a ninke a ɗora a kai. Ranar komawa kuma babban cikin yaran ya ɗauki alli ya rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon zaure daga ciki, daidai inda maigida yake rataye fartanyarsa.